Amanar Nassi a Hannun Masu Fim: Sharhi kan Koke-koken Kiristoci

Gabatarwa

Duk marubucin da aka taɓa ɗaukar littafinsa aka mayar da shi fim ya san irin faɗuwar gaban da ke zuwa masa ranar da zai zauna ya kalli abin da aka yi da guminsa. Sau da yawa yakan tashi yana ƙorafin cewa wannan ba tauraron da ya gina ba ne, waccan kuma ba maganar da ya sa a bakinsa ba ce. To, in har mai ƙagaggen labari zai ji zafi haka a kan abin da shi ya ƙaga da kansa, ina ga al'ummar da ta yi imani cewa littafin da aka taɓa maganar Allah ce? Wannan ita ce damuwar da Kiristoci da yawa suka daɗe suna bayyanawa game da finafinan da ake shiryawa daga Littafi Mai Tsarki, kuma a kanta za mu yi sharhi a wannan fitowa.

Muhawarar aƙida fagen malaman addini ce, mun bar musu. Mu abin da ya ja hankalinmu shi ne, babu inda batun riƙon amanar rubutu ya fito ƙarara kamar a nan, domin kuwa masu littafin suna nan da rai, sun haddace shi, kuma ba sa yin shiru. Ra'ayinmu shi ne damuwar tasu tana da tushe, amma sau da yawa ana auna ta da mudun da bai cika ba: fushi yakan faɗa kan fim ɗin da ya fito fili ya ce ya kauce wa nassi, a ƙyale wanda ya cusa ƙari cikin rigar ibada.

Tushen Damuwar

Damuwar kashi biyu ce. Kashi na farko ya shafi kalmomi. A Littafin Maimaitawar Shari'a sura ta 4, da kuma Ru'ya ta Yohanna sura ta 22, akwai gargaɗi mai tsanani a kan ƙara wani abu ko rage wani abu daga maganar da aka saukar. Kiristan da ya tashi da wannan gargaɗi a kunnensa tilas ya ji wani iri idan ya ga an sa wa Musa ko Bitrus kalaman da wani marubucin fim ya zauna a ɗakinsa ya tsara.

Kashi na biyu ya shafi hoto. An yi doguwar ja-in-ja a ikilisiya a kan halaccin zana siffar Yesu Almasihu, wato Annabi Isa a wurin Musulmi, har babban taron Nikiya na biyu ya halatta hakan a shekarar 787. Duk da haka wasu ɗarikun Furotesta ba su amince ba. Babban littafin koyarwa na Westminster, wanda aka kammala a Ingila a 1647, ya hana siffanta Allah ta kowace hanya, har da surantawa a zuci. A wurin mai bin wannan koyarwa ba a ma kai ga tambayar ko fim ya bi nassi ba, fitowar ɗan wasa a matsayin Yesu ita kanta ta isa laifi.

Masu sana'ar fim na farko sun san da haka. Hukumar tace finafinai ta Birtaniya ta fara aiki a 1913 da ƙa'idoji biyu, ɗaya daga cikinsu ita ce hana nuna surar Almasihu. A fim ɗin Ben-Hur na 1959 mai kallo yana ganin hannun Yesu da bayansa, amma ba ya ganin fuskarsa. Waɗanda suka kalli The Message na Moustapha Akkad, wanda ya fito a 1976, sun san dangin wannan dabara, ko da yake shi ya fi tsananta ta, tun da bai nuna Annabi ba ko kaɗan, bai kuma sa murya a madadinsa ba.

Inda Littafi Ya Yi Shiru

Salon Littafi Mai Tsarki salo ne na taƙaitawa. A cikin Linjila huɗu, wato Matiyu da Markus da Luka da Yohanna, babu wadda ta faɗi tsawon Yesu ko launin fatarsa ko amon muryarsa. Marubuci yana da damar cewa wane ya shigo ya yi magana, ya wuce abinsa, mai karatu ya cike sauran a zuciyarsa. Darakta ba shi da wannan gata. Dole ya zaɓi fuska, ya zaɓi riga, ya yanke shawarar ko za a faɗi maganar da murmushi ko da fushi, a tsaye ko a zaune, da kiɗa a ƙarƙashi ko babu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zaɓi tafsiri ne. Saboda haka fim ɗin da bai ƙara komai a kan nassi ba, ba a taɓa yin sa ba, ba kuma za a iya yi ba.

Cecil B. DeMille ya fahimci wannan. A farkon fim ɗinsa The Ten Commandments na 1956 ya fito da kansa gaban labule ya shaida wa masu kallo cewa nassi bai ba da labarin kimanin shekara 30 na rayuwar Musa ba, don haka ya nemi taimakon tsoffin marubuta irin su Philo da Josephus. Wannan gaskiya ce da ya cancanci yabo a kanta. Amma da me ya cike giɓin? Da soyayya tsakanin Musa da wata gimbiya mai suna Nefretiri, da kishi tsakaninsa da Ramses, alhali Littafin Fitowa bai ma ambaci sunan Fir'aunan ba. Bugu da ƙari, nassi ya nuna Musa dattijo ne ɗan shekara 80 sa'ad da ya tsaya gaban Fir'auna, mai nauyin harshe, har aka haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna ya zama kakakinsa. Musan da Charlton Heston ya fito a matsayinsa kuwa ƙaƙƙarfan jarumi ne mai murya kamar aradu. A nan an taɓa jigo, domin darasin labarin shi ne Allah ya zaɓi mai rauni ya kunyata mai ƙarfi. Duk da haka fim ɗin ya samu karɓuwa a gidajen Kiristoci shekara da shekaru.

Haka nan batun fuska. Jeffrey Hunter a King of Kings na 1961, da Robert Powell a Jesus of Nazareth na Franco Zeffirelli a 1977, dukansu Turawa ne masu shuɗin ido. Hoton Powell ya bazu har ya shiga kalandu da bangon ɗakuna, Afirka ma ba a bar ta a baya ba, inda wasu ke kallonsa tamkar hoton Almasihun ne na ainihi. Mu da muke koyar da adabi a sakandare mun san wannan cuta: ɗalibin da ya kalli fim kafin ya karanta littafi, abin da ya gani shi yake rubutawa a jarrabawa, yana kuma rantsuwa cewa a littafi ya karanta. Tambayi mutane da yawa masana nawa ne suka zo daga gabas gaishe da jariri Yesu, za su ce uku, alhali Matiyu kyautai uku ya lissafa, bai faɗi yawan mutanen ba. Jakin da ake nuna Maryamu a kai zuwa Baitalami ba ya cikin Luka. Babu kuma Linjilar da ta kira Maryamu Magadaliya karuwa. Wani wa'azin Fafaroma Gregory na shekarar 591 ne ya haɗa ta da wata mace mai zunubi, masu zane da masu fim suka ɗora daga nan.

Fim Biyu, Hukunci Biyu

Misalin da ya fi fito da abin da muke nufi shi ne na finafinai biyu da shekara 16 ta raba. A 1988 Martin Scorsese ya fitar da The Last Temptation of Christ, wanda ya ɗauko daga ƙagaggen littafin marubucin Girka Nikos Kazantzakis na 1955. Tun a farkon fim ɗin an rubuta cewa ba a kan Linjila aka gina shi ba. A cikinsa Yesu yana kan gicciye ya ga kansa ya sauko, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya tsufa, kafin daga baya ya gane jarabar Shaiɗan ce ya koma ya cika aikinsa. Ƙura ta tashi ƙwarai. Bill Bright, wanda ya kafa ƙungiyar Campus Crusade for Christ, ya yi tayin biyan kamfanin Universal kuɗin da ya kashe domin a ba shi fim ɗin ya lalata. Ƙasashe da dama sun hana nuna shi. A watan Oktoba na shekarar aka cinna wa gidan silima na Saint-Michel da ke birnin Faris wuta, mutane fiye da goma suka ji rauni.

Ƙona gidan silima ta'addanci ne, babu mai hankalin da zai kare shi. Amma ƙorafin masu ƙorafi cikin lumana yana da ƙafar tsayawa. Yesun Scorsese mutum ne mai ruɗani da tsoro, wanda ke sassaƙa wa Romawa gicciyen da suke kashe 'yan'uwansa Yahudawa a kai, yana kuma ambaton zunubinsa da bakinsa, alhali Sabon Alkawari ya tsaya a kan cewa an jarabce shi ta kowace fuska amma bai yi zunubi ba. An canja halin tauraro tun daga tushe, an bar masa sunansa. Abin da za a iya cewa a madadin Scorsese shi ne bai yaudari kowa ba.

A 2004 kuma Mel Gibson ya fitar da The Passion of the Christ. Majami'u a Amurka suka riƙa sayen tikitin gidan silima sukutum suna kai mabiyansu, fim ɗin ya tara fiye da dala miliyan 600 a duniya. 'Yan wasan da harshen Aramaik da Latin suke magana, abin da ya sa mai kallo ke jin kamar tarihi ne yake gani da idonsa, ko da yake masana sun nuna cewa Girkanci ne ya fi dacewa da bakin jami'an Roma a wannan yanki. Amma me ke cikin fim ɗin? Akwai Shaiɗan a lambun Gatsemani, inda Luka ya ambaci mala'ika. Akwai jefa Yesu daga kan gada yana ɗaure da sarƙa. Akwai matar Bilatus tana kawo wa Maryamu ƙyallaye don ta goge jini. Akwai hankaka yana ƙwaƙule idon ɓarawon da aka gicciye. Babu ɗaya daga cikin waɗannan a Linjila. Da yawansu sun fito ne daga wahayin da aka danganta ga Anne Catherine Emmerich, wata 'yar zuhudu Bajamushiya da ta rasu a 1824, wanda mawaƙi Clemens Brentano ya rubuta. Bulalar da marubutan Linjila suka ambata cikin 'yan kalmomi suka wuce, Gibson ya shimfiɗa ta mintuna masu yawa, jini na tsartuwa. Koyarwar Yesu da tashinsa daga matattu kuwa ɗan lokaci kaɗan suka samu.

Wasu malaman Katolika da na Furotesta, tare da shugabannin Yahudawa, sun yi magana tun a lokacin, musamman a kan yadda aka sassauta wa Bilatus aka ɗora nauyi a kan Kayafa da taron jama'a. Amma muryarsu ba ta kai ta masu yabo ba. Abin lura a nan shi ne, ɗimbin masu kallo sun fita suna cewa haka abin ya faru. Masu iya magana kan ce da mugun rawa gara ƙin tashi. Mu kuwa a nan cewa za mu yi, ƙarin da mai kallo bai san ƙari ne ba ya fi wanda aka sanar da shi illa, domin shi ne yake zama a ƙwaƙwalwa a matsayin nassi.

Labarin Nuhu

Fim ɗin Noah na Darren Aronofsky, wanda ya fito a 2014, ya nuna wani gefen matsalar. Labarin Nuhu sura huɗu ne kacal a Littafin Farawa, daga ta 6 zuwa ta 9, kuma Nuhu bai furta ko kalma ɗaya ba sai bayan ruwan tufana ya janye. Wanda zai yi fim na awa biyu da wannan dole ya ƙirƙiro magana. Aronofsky ya wuce nan. Ya kawo ƙattin halittu na dutse daga Littafin Anuhu, wanda yawancin ikilisiyoyi ba sa lissafa shi cikin nassi. Ya ɓoye wani mugu a cikin jirgin. Ya hana 'ya'yan Nuhu biyu mata, alhali nassi ya ce mutum takwas ne suka shiga, kowane ɗa da matarsa. Ya kuma sa Nuhu ya ƙudurta kashe jikokinsa. Ƙungiyar masu watsa shirye-shiryen Kirista ta Amurka ta matsa wa kamfanin Paramount har ya ƙara sanarwa a tallansa cewa an yi ƙari a labarin. Ƙasashen Musulmi irin su Ƙatar da Bahrain da Indonisiya sun hana shi saboda nuna annabi.

Waɗannan koke-koke daidai ne, domin saɓa wa abin da nassi ya faɗa ƙarara daban yake da cike inda ya yi shiru. Sai dai a cikin waɗanda aka fara gwada wa fim ɗin an samu mai ƙorafin cewa an nuna Nuhu ya bugu da giya. Wannan kuwa yana nan a sura ta 9. Ke nan wani lokaci abin da mai ƙorafi ke karewa shi ne labarin da aka tace aka ba shi yana yaro a makarantar Lahadi, littafin kansa bai buɗe shi ba.

Bin Kalma da Kalma

To, ko bin kalmomin nassi sak zai kashe bakin tsanya? An gwada. A 1964 Pier Paolo Pasolini, Ba'italiye mai ra'ayin gurguzu wanda bai yi imani da addini ba, kuma wanda kotu ta taɓa samu da laifin wulakanta addini a 1963, ya shirya fim a kan Linjilar Matiyu. Kusan dukan maganganun cikinsa daga Matiyu ya ɗauko su. Ya ɗauki hotunan a kudancin Italiya da fuskokin talakawa, ya sa wani ɗalibi ɗan Sifen, Enrique Irazoqui, ya fito a matsayin Yesu, mahaifiyarsa kuma ta fito a matsayin Maryamu a tsufanta. Fim ɗin ya samu lambar yabo daga ofishin finafinai na Katolika, kuma a 1995 fadar Batikan ta sa shi cikin jerin finafinai 45 da ta yaba. Amma ko shi, Yesun da ya nuna mai zafin magana ne, mai sauri, kamar jagoran talakawa. Kalmomin na Matiyu ne, murya da kallo na Pasolini ne.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne fim ɗin Jesus na 1979, wanda aka gina a kan Linjilar Luka, aka ɗauka a Isra'ila, ɗan Ingila Brian Deacon ya fito a matsayin Yesu. An juya shi zuwa harsuna fiye da 2,000, har da Hausa, kuma an daɗe ana nuna shi da majigi a ƙauyuka. Masu shi sun yi ƙoƙarin tsayawa a kan nassi, amma awa biyu ba za ta ɗauki sura 24 ba, tilas suka zaɓa suka bar wasu, suka kuma ƙara kiran wa'azi a ƙarshe. Mai kallon Hausa kuwa yana samun labarin ne bayan ya bi ta hannu da yawa: daga Girkanci zuwa Turanci, daga Turanci zuwa rubutun fim, daga nan zuwa Hausar da aka daidaita da motsin leɓen ɗan wasa. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932, amma ga wanda bai iya karatu ba, majigin nan shi ne Linjilar da ya sani. Nauyin amana a nan ya fi na ko'ina girma.

Mudun da Muke Ba da Shawara

Daga abin da ya gabata, muna ganin mai sharhi ya kamata ya yi wa irin waɗannan finafinai tambaya uku. Ta farko, ƙarin da aka yi cike giɓi ne ko saɓa wa abin da aka rubuta? Ta biyu, halin tauraro da jigon labari sun tsira, ko suna kawai aka bari? Ta uku, an gaya wa mai kallo gaskiya a kan inda nassi ya tsaya da inda alƙalamin marubuci ya fara?

Shirin The Chosen na Dallas Jenkins, wanda ya fara fita a jere a 2019, ya dace a gwada wannan mudu a kansa. Ya ƙirƙiro wa almajirai rayuwar gida, ya ba matar Bitrus suna, ya nuna Matiyu da wata lalura ta mu'amala da mutane. Ya kuma rubuta tun farko cewa ya yi ƙari, ya roƙi masu kallo su karanta Linjila. A tambaya ta uku ya ci. A ta farko ma yawancin ƙarin cike giɓi ne. Inda Kiristoci da dama suka ja da shi, kamar wurin da aka nuna Yesu yana tsara wa'azinsa na kan dutse yana neman shawarar Matiyu, tambaya ta biyu suka yi, kuma ita ce ta cancanci a tsaya a kanta. Irin wannan suka ta fi amfani fiye da ƙirga kalmomi, ta kuma fi zanga-zangar wanda bai kalli fim ba.

Kammalawa

Mu marubuta littattafanmu ba saukakku ba ne, amma matsalar ɗaya ce. Tun da Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976, da kuma lokacin da harkar bidiyo ta bunƙasa a Kano a shekarun 1990, littafin Hausa ya shiga hannun darakta. Ga sababbin marubuta musamman, shawararmu ita ce, kada ku tayar da jijiyar wuya don an canja sunan gari ko an haɗe babi biyu, wannan haƙƙin mai fim ne. Ku sa ido a kan halin tauraronku da jigon labarinku, ku sa sharaɗi a kansu a rubuce kafin ku sa hannu a yarjejeniya, ku nemi ganin rubutun fim kafin a fara ɗauka, ku kuma tabbata an bayyana wa masu kallo ko labarin naku ne sak ko arashi aka yi da shi. Wanda kuma zai taɓa labarin da wata al'umma ke ɗauka da tsarki, ko tarihin magabatanta, to, ya fara karanta asalin rubutun daga farko har ƙarshe, ya zauna da malaman wannan al'umma tun kafin ya ɗauki alƙalami, domin ko ya so ko ya ƙi, akwai masu kallon da ba za su taɓa sanin wani labarin ba sai wanda ya nuna musu.